Bel ɗin injin markaɗena ya ƙi zama a kan fuli

Assalamu alaikum, masu gyaran inji a taimaka.

Ina da injin markaɗe mai amfani da fetur, mai ƙarfin doki 5.5. Wata biyu da suka wuce na cire ƙaramin fulin (wilin da bel ke hawa) da ke kan injin, mai inci 3, na sa mai inci 4 don farantin markaɗe ya riƙa juyawa da sauri. Babban fulin dai na nan yadda yake, inci 10. Tun daga nan ban huta ba.

Idan babu komai a ciki, lafiya lau yake juyawa. Da na zuba jiƙaƙƙen wake ko gero na koko, sai bel ɗin ya fara ƙara kamar kukan ɓera, ya yi zafin da ba a iya taɓa shi, baƙin garin bel ɗin na zuba ƙasa, can kuma ya fice. Jiya sau huɗu ya fita, mata na tsaye da robobinsu suna jira.

Na sayi sabon bel har biyu. Na ja injin baya na ɗaure kusoshi har bel ya yi tauri, sai boris (zoben ƙarfen da sandar fuli ke juyawa a ciki) ya fara zafi, na sassauta. Na ja zare tsakanin fulin biyu, a ido dai suna layi ɗaya. Boris ɗin ma na canza.

Abin da na lura: bel ɗin samfurin A ne (harafin na nuna faɗin bel), kuma yana nutsewa har ƙasan ramin sabon fulin.

Shin ramin fulin ne ya yi wa bel ɗin faɗi, sai na nemo fulin A?