Manhajar waya don masu ciwon baya: daga ina zan fara?

Mai tambaya, Katsina: Salamu alaikum. Ina so in ƙera manhaja ga masu ciwon bayan da ya wuce wata 3, musamman teloli da direbobin Keke Napep. Me ya kamata ta ƙunsa?

Likitar gashin ƙashi: Wa alaikumus salam. Malam, fara da tantancewa kafin motsa jiki. Idan mutum ya ce fitsari ko bayan gida na kufce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta raunana, manhajar ta tsaya, ta tura shi asibiti a ranar. Zazzaɓi da rama kuma na iya nuna tarin fuka a ƙashin baya. Sauran su riƙa auna zafin ciwon daga 0 zuwa 10 kullum, su yi tafiyar minti 10, suna ƙarawa a hankali. Yawan kwanciya sandarar da baya yake yi.

Mai haɗa manhajoji, Daura: Manhajar ta yi aiki ba data, bayani da murya cikin Hausa. Ka kula, wayoyin Tecno da itel kan kashe tunatarwa don tanadin batir. Ka nemi izinin tunatarwar tun farkon buɗe manhajar. Ɗaura tunatarwar bayan sallolin farilla.

Mai kemis: Don Allah saka gargaɗi kan maganin ciwo diclofenac. Shansa kullum na jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda.