Wai ya kamata gwamnati ta ba da kuɗin gidajen raino, sai rigima ta koma kan kalma ɗaya

Maman Biyu: Ni dai na gaji wallahi. Sau uku ke nan a watan nan ina makara aiki saboda babu inda zan ajiye yarana, yau ƙaramin da takalmi ƙafa ɗaya na saɓe shi muka fita, ina isa aka miƙo min takardar gargaɗi. Haraji ana cire shi kafin ma in ga albashin, to me zai hana gwamnati ta ba unguwanni kuɗi su buɗe gidan raino da ajin share fage? Lardin Kubek na Kanada tun 1997 suka fara, a lokacin dala 5 a rana iyaye ke biya, gwamnati ta cike sauran.

Dattijo: Ajiye? Baiwar Allah yaro kaya ne da za ki ajiye?

Maman Biyu: Haba Baba, ka san abin da nake nufi.

Dattijo: Na sani sarai, bakin ne ya faɗi abin da ke zuci.

Anti Malama: Ni ma kalmar ta sosa min rai gaskiya. Shekara 9 ina ajin ƴan shekara uku zuwa biyar, ba ajiya ake kawo mana ba, koyar da su muke yi, riƙe fensir, jiran layi, faɗin sunansu. Maria Montessori da ta buɗe irin wannan makarantar a birnin Rum na Italiya a 1907 ƴaƴan ma'aikata talakawa ta tara kuma likita ce, ba mai gadin kaya ba.

Ɗan Gari: Anti ke da kike cin albashi a harkar ai dole ki kare ta 😂

Anti Malama: Kai ka taɓa canza wa yaro kunzugu ko sau ɗaya?

Ɗan Gari: Me ya kawo kunzugu nan kuma

Ummu Hanan: Ya kawo mana, ku maza kullum ku ne masu dogon sharhi kan raino alhali kukan dare ɗaya ba ku iya jurewa.

Dattijo: A iya baki dai, ƴata.

Maman Biyu: Jama'a maganar kuɗin fa? Amurka ma tana da shirin share fage na gwamnati mai suna Head Start tun 1965 don yaran marasa hali.

Ɗan Gari: Ki fara janye "ajiye" tukuna.

Admin: To an rufe. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda kalmar ba ta dace ba kamar yadda Baba ya nuna tun farko, Anti Malama ma ta goyi bayansa. Batun kuɗi kuwa ba a kawo wata hujja ba.

Maman Biyu: Kanada da Amurkan da na kawo fa, Admin? Gobe ma ƙarfe bakwai zan fita da su.