Sikeli ya kafe mako uku bayan aikin rage tumbi: aikin ne bai yi ba?

'Yar Jekadafari

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce game da yayata. Yau kwana 25 da aka yi mata aikin rage tumbi, irin wanda ake yanke mafi yawan tumbin a bar shi siriri kamar ayaba, wanda likitoci ke ce wa silif. An shiga da ita tana kilo 122. Cikin kwana 16 ta sauko 114, daga nan sikeli ya kafe. Kwana tara ke nan, jiya ma 114 da rabi ya nuna. Abincinta koko da safe, romo, shayi da madara, wani lokaci kunun gyaɗa, kuma ko rabin kofi ba ta ƙarasawa. Kwana huɗu ba ta zagaya ba. A ƙasar waje aka yi aikin, likitan sai ta waya. Yanzu ta ce za ta bar kokon da shayin ta koma ruwa zalla, wata kuma ta kawo mata shayin rage ƙiba. Aikin ne bai yi ba, ko tumbin ne ya sake buɗewa? Masu sani ku taimaka don Allah.

Likitan tiyata, Bauchi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ki kwantar wa Hajiya da hankali. Wannan tsayawar sananniya ce ga duk mai duba waɗanda aka yi wa wannan aiki. Takan zo tsakanin mako na biyu da na shida, galibi wajen na uku, ta ɗauki 'yan kwanaki zuwa mako biyu ko uku, sannan nauyi ya ci gaba da sauka.

Kilo takwas ɗin da ta zubar da farko ba duka kitse ba ne. Jiki na ajiye wani nau'in sukari a hanta da tsoka, ana ce masa gilaikojin, kusan rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya nasa na riƙe da ruwa wajen giram uku. Da abinci ya yanke, shi jiki ke fara cinyewa, ruwan ya fita ta fitsari, sikeli ya yi ta gangarowa. Da ta fara shan koko da kunu, jikin ya soma mayar da wannan ajiya tare da ruwanta. Ga ruwan da kan taru a inda aka yi yanka yayin warkewa, ga bayan gida na kwana huɗu a ciki, in kuma al'adarta ta kusa, nan ma kilo ɗaya ko biyu ne na ruwa. Kitse na narkewa, ruwa na maye gurbinsa, sikeli kuma bai san bambancin su ba.

A yi lissafi. Kilo ɗaya na kitse yana daidai da kalori wajen 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Mace mai nauyin Hajiya, ko a kwance ta yini, abin da jikinta ke ƙonawa ya kusa kalori 2,000, ita kuwa abin da ke shiga bakinta da wuya ya wuce 600 ko 700. Giɓin da ke tsakani ya ɗan haura kilo ɗaya na kitse a mako, ko sikeli ya nuna ko bai nuna ba.

Batun buɗewar tumbi kuwa, ku cire shi a rai. An cire kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari, abin da ya rage a yanzu bai fi ya ɗauki mililita 100 zuwa 150 ba, kuma har yanzu a kumbure yake. Wanda ba ya iya ƙarasa rabin kofi tumbinsa bai buɗe ba. Komawa ruwa zalla shi ne babban kuskuren da za ta yi: ɗinki na bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kafin ya kama, in bai samu a abinci ba jiki zai ciro shi daga tsoka, kuma raguwar tsoka ita ce ke rage abin da jiki ke ƙonawa.

Abin da nake tsoro ba sikeli ba ne. In bugun zuciyarta ya kai 120 a minti tana zaune, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani da ke harbawa zuwa kafaɗar hagu, ko numfashi sama-sama, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko amai da ya hana ko ruwa zama, kada a jira amsar waya daga ƙasar waje. A kai ta sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe tare da takardun sallamarta, a faɗa musu irin aikin da ranar da aka yi shi.

Masaniyar abinci, Tudun Wada

Likita ya gama magana kan ruwa. Ni abin da ya tsaya mini shi ne jerin abincin da kika kawo, ƙanwata. Koko, shayi, kunun gyaɗa, romo. In aka tattara furotin ɗin da ke cikinsu a yadda take sha, da ƙyar ya kai giram 20 a yini, alhali ana so ta samu 60 zuwa 80. Romo ma yaudara gare shi: ana ganin an tafasa kaza guda, amma furotin na nan maƙale a tsokar, ruwan gishiri ne da mai da ƙanshi. In kuma an jefa dunƙulen magi biyu a ɗan tukunya, gishirin nan shi ke ƙara riƙe mata ruwa.

A kwana 25 yawancin tsare-tsare sun kai matakin markaɗaɗɗen abinci, wato abin da ya yi laushi kamar kindirmo, babu gudaji, babu ƙaya. Ku duba takardar da likitanta ya ba ta, in ta saɓa da wannan ita za a bi. In ta yi daidai, ga abin da ke kusa da mu.

Ƙwai ɗaya na ba da furotin giram 6. A kaɗa shi da ɗan madara a turara shi a ƙaramin kwano cikin tukunyar ruwa har ya kama ya yi taushi. Dafaffe mai tauri kan tsaya a ƙirji a wannan lokaci. Kifi dafaffe giram 100 na ba da wajen 20. A dafa tarwaɗa ko karfasa, a zauna a tsince ƙaya da hannu, a markaɗa da ruwan dahuwarsa. Tsokar kaza ta fi haka yawa, amma takan bushe, sai an dafa ta lugub an niƙa da romo. Awara tana da kyau ƙwarai matuƙar ba a soya ba: a karɓe ta fara daga wajen mai yi kafin ta shiga mai, a sake tafasawa, a dama. Alale mai laushi da aka surfe wakensa tas, mai kaɗan, ba attaruhu, shi ma ya shiga. Kindirmo marar sukari kofi ɗaya na mililita 200 ya kusa giram 7, in aka dama madarar gari babban cokali huɗu a ciki an ƙara wajen 8. Sai dai a lura da inda aka samo shi. Sabon ɗinki ba ya son gudawa da amai, don haka a yi shi a gida da madarar da aka tafasa, ko a sayi na kamfani da ba a sa wa sukari ba. Fura a dakata da ita tukuna.

Yadda ake ci ya kusa kai abin da ake ci muhimmanci. Babban cokali biyu zuwa huɗu a zama ɗaya, sau biyar ko shida a yini, da ƙaramin cokalin shayi, a ɗauki minti 20 zuwa 30. Furotin a fara, in an bar wuri sai abin da ya biyo baya. Da ta ji nauyi a ƙahon zuciya, ko shaƙuwa, ko gyatsa, ko hanci ya fara yoyo, ta ajiye cokali. Ba a haɗa ci da sha: a tsayar da ruwa kafin abinci, a kuma jira minti 30 bayansa.

Inda mutanenmu ke faɗawa shi ne abin sha mai zaƙi. Wannan aikin ƙofar abu mai kauri ya rage, ruwa-ruwa wucewa yake yi abinsa. Masu zuwa dubiya za su yi ta kawo lemon kwalba, maltina, zoɓo, kunun aya, don sun ga ba ta cin tuwo suna tausaya mata. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 50 na ɗauke da sukari sama da ƙaramin cokali goma, ga iskar da ke kumbura tumbi. A karɓa a yi godiya, a ba yara. Koko ba haram ba ne, amma ya zama rabin ƙaramin kofi, ba sukari, an dama madara a ciki. In ana samun garin furotin na gwangwani, ludayinsa ɗaya kan ba da giram 20 zuwa 25, yana sauƙaƙa makonnin nan sosai. A karanta jikin gwangwanin, kada a sayo irin na masu neman ƙiba.

Sista mai jinya, Bolari

Sannunku da ƙoƙari Likita da Anti. Ni ruwan sha zan ƙara, don shi ke mayar da mutane gadon asibiti a watan farko. Ana so ta sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu. Da safe a juye leda huɗu a jug ɗaya a ajiye kusa da ita, kowa a gidan ya san nata ne, da magariba a duba abin da ya rage. Kurɓa-kurɓa za ta yi, kamar cikin murfin fulas duk minti goma ko sha biyar, ba kwankwaɗa ba. In mai sanyi na murɗa mata ciki a ba ta mai ɗumi. A zafin Maris da Afrilu na Gombe ma leda huɗun kan yi kaɗan. Fitsari shi ne shaida: in ya yi ja kamar shayi, ko tana jiri in ta miƙe, ruwa bai isa ba, jikin da ke ƙishi kuma riƙe ruwa yake yi.

Kwana huɗu babu bayan gida ya isa a yi wani abu. Ƙarancin abinci, maganin ƙarin jini da magungunan ciwo irin su tiramadol duk suna ƙulle ciki. A tambayi likita ya rubuta mai tausasawa irin laktulos, ta kuma riƙa tattaki, minti goma sau uku a yini ko a tsakar gida ne. Ɗaga bokitin ruwa da daka a bar su sai bayan mako shida.

Sikelin kuma a ɗauke shi daga ɗakinta. Sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe bayan ta yi fitsari, kafin ta sha komai, a kan siminti ko tayil ba kan kafet ba. Ki samo tef ɗin tela ki auna mata ƙugu daidai cibiya, da ɗuwawu, da damtse, ki rubuta a littafi duk mako biyu. Sau da yawa a makon da sikeli ya ƙi motsi za ki ga zobe na juyawa a yatsa, zani na neman ƙarin ɗauri.

'Yar Jekadafari

Allah ya saka da alheri, na karanta mata duka. To shayin rage ƙibar fa? Kuma tana da ramuwar azumi, ta ce ko ta fara yanzu tunda dama ba ci take ba. Na manta ban faɗa ba, tana da ciwon suga.

Mai harhaɗa magani, Wunti

Hajiya, shayin nan a zubar. Yawancin irinsa ganyen filasko ne ko wani abin sa gudawa da fitsari. Sikeli zai sauka kilo ɗaya, na ruwa, ta galabaita, gishirin jininta ya rikice, kitse kuma na nan inda yake. Haka jiƙe-jiƙe, kanwa, tsamiya mai kauri da lemon tsami a wayi gari da su.

Ciwon sugan da kika ambata a ƙarshe shi ya kamata ya zo farko. Bayan wannan aiki suga kan sauka tun kafin nauyi ya ragu sosai. In har tana kan allurar insulin ko ƙwaya irin gilibenkilamaid a adadin da take sha kafin aiki, suga na iya faɗuwa ƙasa, ta ji rawar jiki da gumi, har sai an ɗura mata abin zaƙi, gobe kuma abin ya sake faruwa. Ta riƙa gwadawa safe da yamma tana rubutawa, a kai wa likitan da ke duba sugarta a cikin makon nan ya daidaita maganin. Kada ta rage ko ta daina da kanta. In tana shan na hawan jini shi ma a duba.

Ibuprofen, diclofenac da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki na kemis ba nata ba ne yanzu, suna cin bangon tumbi. Farasitamol ya wadatar. Maganin rage tsamin ciki da aka sallame ta da shi, irin omeprazole, ta ci gaba har wa'adin da aka ɗiba mata. Bitamin kullum ne, ba sai ta ji kasala ba, kuma a raba kalsiyam da maganin ƙarin jini da awa biyu, don ɗaya na hana ɗaya shiga jiki.

Likitan tiyata, Bauchi

Azumi ba yanzu ba, 'yar'uwa. Wanda ke shan ruwa da murfin fulas ba zai iya haɗa lita biyu da furotin giram 60 tsakanin magariba da asuba ba, ga kuma suga. Likitoci kan hana azumi a watannin farko bayan aikin, wasu har shekara. Mara lafiya na da rangwame, ta tambayi malami yadda za ta yi da ramuwar.

Abu biyu da mai harhaɗa magani bai taɓo ba. In amai ya jera kwanaki, bitamin B1 kan ƙare cikin makonni kaɗan, alamarsa ruɗewa, gani biyu-biyu, tangaɗi ko mutuwar ƙafa, kuma wannan na gaggawa ne. Sannan in tana shekarun haihuwa, a guji ɗaukar ciki har wata 12 zuwa 18, domin haihuwa kan buɗe da zarar nauyi ya fara sauka.

Saukar nauyin kan ci gaba har shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mafi yawa a wata shida na farko, kuma za ta sake cin karo da irin wannan tsayawar fiye da sau ɗaya. In an gyara ruwa, furotin da bayan gida, aka yi mako huɗu zuwa shida sikeli da tef duka ba su motsa ba, a rubuta duk abin da ta ci da wanda ta sha na kwana uku, har kurɓin shayi, a je da takardar wajen likita da sashen masana abinci, a kuma yi gwajin jini na wata uku ko da lokacinsa bai cika ba.