Teno ne ni ko baritan? An ce in cike fom ɗin odishin

Sadiq_Agege:
Salam jama'a, don Allah masu harkar waƙa ku taimaka min. Akwai odishin, wato gwajin zaɓen 'yan wasa, na wasan dandamali irin mai waƙa da rawa da za a yi a Island nan Legas, abokina ya turo min fom, sai ga wani waje wai in rubuta irin muryata, teno ko baritan ko bes, kuma wai in zo da waƙa bar 16. Ni fa waƙar biki nake yi a Agege, ya zan gane nawa?

Maman_Hanifa:
Wa alaikumussalam ƙanena. Abin ba wuya, an kasa murya ne daga siririya zuwa mai kauri. Mata akwai sofrano ita ce can sama, sai mezo a tsakiya, sai alto mai ɗan kauri. Maza kuma teno ne sama, baritan tsakiya, bes shi ne wanda in ya buɗe baki kamar daga rijiya maganar ke fitowa. Yawancin maza baritan ne amma kowa so yake a ce masa teno saboda sau da yawa shi ake ba rawar saurayin labarin. Ka samu mai fiyano ya fara daga C ɗin tsakiya, wato maɓallin C da ke tsakiyar fiyanon, yana sauka kana binsa, sannan ya hau, kuma don Allah kar ka rubuta inda ka kai da ƙyar jijiyar wuya ta miƙe ido ya yi ja, inda muryarka ta zauna daram ba ka takura ba nan ne gidanka, don a wasan nan za ka yi waƙa kana rawa kana haki kusan awa biyu, gobe ma a sake.

Garba_IdiAraba:
Hajiya ta gama magana. Batun bar kuma, awon kiɗa ne, yawanci bugu huɗu ne bar ɗaya, to 16 ɗin nan bai fi daƙiƙa 30 zuwa 45 ba, ya danganta da saurin kiɗan. Ka zaɓi wajen da waƙar ta fi daɗi, kar ka ɓata lokaci a shimfiɗa. In ta maka sama ka ce a sauke maka ki, wato a yi ƙasa da sautin kiɗan, ba abin kunya ba ne. In kana da hali ka leƙa MUSON a Onikan, suna da makarantar kiɗa, ko ka je gidan wasan Terra Kulture ka kalli wasa ɗaya ka ga yadda 'yan amshi ke raba murya.

Sadiq_Agege:
Na gode Anti, na gode Malam Garba. To in na ƙanƙance murya irin ta mata ina kaiwa sama sosai, wannan ba ya sa na zama teno?

Maman_Hanifa:
A'a, wannan falseto ne, kusan kowane namiji yana iya yinsa. Da muryar ƙirji ake aunawa. Kuma ranar ka fito da sassafe, ka san cunkoson gadar Third Mainland.