Tsohon kududdufin bayan layinmu: ta wace ƙofa ake samun kuɗin gwamnati a mayar da shi wurin shan iska?

Baban Ummi, Gwale:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan aikin gwamnati.

A bayan layinmu akwai wani tsohon kududdufi. Muna yara nan ake haƙar ƙasar gini, da damina ya cika maƙil, mu je kamun tarwaɗa mu dawo gida a zane mu. Yanzu shara ta cinye fiye da rabinsa. Ɓangaren gabas ya bushe ya yi tauri, yara sun kafa sanduna suna buga ƙwallo. Ɓangaren yamma kuwa har yau ruwa ne kore shar, da leda da sauro. Idan na ƙiyasta da ido, duka wurin zai haura fuloti goma.

Ni ɗan fansho ne, kuma ina fama da ciwon suga. Likita ya ce in riƙa tafiyar rabin awa kullum. To a ina? Bakin titi 'yan adaidaita sahu ba sa raga wa kowa, ɗan gefen da aka ware wa masu tafiya a ƙafa kuma masu tireda da masu facin taya sun riga kowa. Filin Sukuwa yana can Nassarawa, kuɗin motar zuwa da dawowa kullum ba na ɗan fansho ba ne. Gidan Zoo sai da tikiti, kuma ba wurin zuwa bayan sallar asuba ba ne. Ba ni kaɗai ba, a sahun farko na masallacinmu masu hawan jini da suga sun fi masu lafiya yawa.

Shi ne muka kafa ɗan kwamiti. Abin da muke so bai taka kara ya karya ba: hanyar tafiya ta intalok da za ta kewaye filin, bishiyoyi, bencin siminti, fitilu masu sola, a bar wa yara tsakiya su ci gaba da ƙwallonsu. Mun rubuta takarda mun kai wani ofis, aka karɓa, aka buga hatimi, aka ce za mu ji kira. Azumi ya zo ya wuce, layya ta wuce, shiru.

Wasu sun ce sai ta hannun ɗan majalisa. Wasu sun ce akwai kuɗin Bankin Duniya. Shin akwai tallafin da ƙungiyar unguwa za ta iya nema da kanta don irin wannan aiki? Kuma wa ake fara gani?

Af, na manta. Kwanakin baya an ga wasu mutane da tef suna awon ɓangaren da ya bushe. Da yara suka tambaye su, cewa suka yi aiki aka turo su.

Tsohon Safiyo:

Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka sa a ƙarshe kamar mantuwa, shi ne maganar gaba ɗaya. Ku ajiye zancen kuɗi tukuna, ku bi masu tef ɗin nan.

Na yi shekaru ina aikin awon filaye kafin in yi ritaya, kuma abin da na gani shi ne: kududdufi ba shi da mai shi muddin yana wari, ranar da ya bushe kuwa sai ka ga takardu sun fito. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin cikin birni yana hannun gwamna ne a matsayin amana, shi ke bayar da shaidar mallaka. Ba mai unguwa ba, ba ciyaman ba, ba kuma "tun kakanninmu nan muke wasa" ba. Babu hukumar da za ta zuba ko sisi a filin da ba a san matsayinsa ba, wanda ma ya zuba ya yi asara.

Don haka ku fara da sashen filaye na jiha da hukumar tsara birni, KNUPDA. Ku nemi a duba muku taswirar yankin, a ga me aka rubuta a kan wurin. Idan an nuna shi a matsayin fili na jama'a ko matattarar ruwa, kun samu madafa, sai ku nemi a ba ku hakan a rubuce. Idan kuwa an riga an yanka shi fuloti-fuloti a takarda, to aikinku ya koma ƙorafi, kuma gwamna ne kaɗai ke da ikon soke mallaka saboda buƙatar jama'a, sashe na 28 na dokar ya ba shi wannan. Kun ga abin da ya faru a 2023 lokacin rusau, da shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata da sauransu. Ko wane ɓangare mutum yake a siyasa, ya ga yadda rikicin filin jama'a ke ƙarewa idan aka bari sai an yi gini: asarar dukiya da zaryar kotu. Hana aza tubalin farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Takardar ku kada ta tafi ita kaɗai. Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sa, ta bi ta wurin hakimi, limamin Juma'a da shugaban makarantar da ke kusa su ma su sa. Ku yi kwafi da yawa, duk inda kuka kai ku karɓi naku da hatimi da kwanan wata.

Game da wanda aikin ya rataya a wuyansa: Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a layi ɗaya da tituna da magudanai da fitilun kan hanya. Kuma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka idan kun je wurin kansila da ciyaman, ba alfarma kuka je nema ba. Amma ku je da wuri. Kasafin kuɗi ana haɗa shi ne kafin ƙarshen shekara, wanda ya kai buƙatarsa a watan Janairu sai dai ya jira baɗi.

Ɗan Fagge:

Baba, da girmanka, ni dai ban ga alamar haske ba. An yi shekaru ana ware naira biliyan 100 duk shekara don ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya su 469, amma ka duba me aka fi yi da su: rabon keken ɗinki, babura, injin markaɗe. Abin da za a ɗauki hoto a miƙa wa mutum a hannu. Bishiya sai ta shekara biyar kafin ta yi inuwa, shi kuwa zaɓe shekara huɗu ne.

Idan za ku bi ta nan, ku nemi fitilun sola kawai, wannan suna son sa saboda ana liƙa suna a jikin turke. Kuma in an ce an sa muku a kasafi, ku nemi ganin layin da idonku. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC tana bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, akwai kuma shafin Tracka na ƙungiyar BudgIT da ke wallafa jerinsu.

Sannan wa zai yi gadi? Benci da inuwa ba tare da mai tsaro ba, kun gina wa 'yan shaye-shaye majalisa ke nan.

Maman Ihsan:

Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta, rubuta takardun neman tallafi shi ne abincina, bari in faɗi abin da na sani.

Da wuya ka samu asusun da aka rubuta wa "wurin shaƙatawa" a goshi. Kuɗin yana nan, amma da wasu sunaye yake yawo: shawo kan ambaliya, zaizayar ƙasa, dashen itatuwa, tsaftar muhalli. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 da dala miliyan 700, na jihohin Arewa 19 ne da Abuja, Kano tana ciki, kuma aikinsa farfaɗo da ƙasar da ta lalace da kula da ruwa. Akwai Asusun Muhalli da ake cirewa daga asusun tarayya, jiha da ƙaramar hukuma kowa na da kasonsa. Waɗannan ba cek suke rubuta wa kwamitin unguwa ba, su ke zaɓar wuri su kawo ɗan kwangila, naku shi ne ku sa wurinku ya shiga idonsu. Wanda ke ba ƙungiya kuɗi a hannunta shi ne shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa, kuma gasa ce, sai an yi sanarwa ake nema.

Abin nufi, takardarku kada ta fara da "muna son wurin motsa jiki". Ta fara da gidaje nawa ruwa ke shiga duk Agusta, yara nawa ke kwanciya da zazzaɓi, da hotunan wurin a damina da rani. Hanyar tafiya da benci su zo a matsayin abin da zai hana a sake mayar da wurin juji. Ba ƙarya kuka yi ba, gaskiyar ce kuka jera yadda mai karatu zai ga ta shafi aikinsa.

Kwamiti kuma sai ya zama ƙungiya mai rajista. A hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ana yin rajistar amintattu: kundin tsarin ƙungiya, sunayen amintattu, sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Daga nan ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku ke sa hannu. Kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya, ko waliyyi ne, ƙarshensa zargi. Ku kuma fara tara naku. A shirin raya al'umma na CSDP da aka yi a jihohi da dama, al'umma ke kawo kashi 10 cikin ɗari, da kuɗi ko yashi ko aikin ƙarfi, kuma har yau masu ba da tallafi suna son su ga me ku kuka sa.

Tambaya ɗaya Baba: mata nawa ne a kwamitin? Don mu ma likita yana ce mana mu yi tafiya, kuma ba za mu ratsa ta gaban majalisar maza muna zagaye ba. In ba a ware mana lokaci ko ɓangare tun a zane ba, wurin zai zama na maza da samari kawai.

Injiniya Na Hotoro:

Abu biyu a taƙaice. Kada ku cike ɓangaren ruwan. Kududdufan nan su ke shanye ruwan saman cikin gari, duk wanda aka cike aka gina, ruwansa gidajen maƙwabta yake komawa. A yashe shi, a gyara bakinsa da dutse, a yi masa shinge saboda yara, a toshe kwatocin da ke zuba a ciki.

Na biyu, ku manta da intalok yanzu. Ƙasar da shara ta cike tana ci gaba da lotsawa shekara da shekaru, damina biyu za ku ga ya bankaɗe. A kwashe ledar sama, a zuba marmara a bi ta da rola. Ya fi araha nesa, ya fi wa gwiwar dattawa daɗi, in ya lotsa tifa ɗaya ta gyara. Bishiya kuma darbejiya da maɗaci, a dasa in damina ta kankama, kowace da kejinta saboda awaki. Wanda zai ba su ruwa a ranin farko, a san shi da suna kafin a dasa.

Baban Ummi, Gwale:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa 'yan kwamiti duka bayan la'asar.

Yallaɓai Safiyo, maganarka ta hana ni barci. Na je wurin mai unguwa, ya ce shi ma labarin masu tef a bakin yara ya ji, ba wanda ya sanar da shi. Ya yarda zai raka mu wurin dagaci. Wani lauya ɗan layinmu ya ɗauki nauyin rubuta takardar neman duba taswira, kyauta. Mun dakatar da duk zancen kuɗi sai mun ga abin da ke rubuce.

Hajiya Maman Ihsan, amsar tambayarki babu ko ɗaya. Da na faɗa a gida, uwargida ta ce ai dama ta zuba ido ta ga ranar da za mu tuna. Shugabar Islamiyyar matan aure da wata ungozoma mai ritaya sun amince su shigo, kuma tun kafin su zauna sun ce bayan asuba zuwa fitowar rana namu, daga hantsi nasu. An ɗan yi gardama, don masu zuwa kasuwa sun ce hantsin ma suna so, ba a dai rufe maganar ba.

Ɗana na Fagge, ban ƙi taka ba, amma 'yan shaye-shayen suna wurin tun yanzu, cikin duhu da ciyawa, ba su jira benci ba. Muna da 'yan sintiri da kowane gida ke biya duk wata, za mu ƙara musu wani abu su haɗa da filin. Yaran ƙwallon ma mun kira kyaftin ɗinsu, don su suka fi kowa sanin mai shiga da fita.

Inda muka rabu biyu shi ne shawarar Injiniya. Ni na gamsu a bar ruwan. Amma mutanen da gidajensu ke bakinsa sun ce shekara talatin suna shan sauro da wari, kuma an taɓa rasa yaro a ciki, su dai a cike shi kowa ya huta. Ban iya ce musu komai ba, don ni gidana yana can ɗaya ɓangaren. Injiniya, idan an yashe shi an toshe kwatocin, sauron zai ragu da gaske, ko sai an zuba kifi? Kuma kwatocin gidajen nan, in an toshe su, ina za a karkatar da su? Ina so in je musu da amsa kafin zaman ranar Asabar.