Ina neman kalma kafin Alhamis: "nitrogen cycle" a shirin manoma

Mai Shirin Noma: Salamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis zan naɗi shirin manoma, takardar da malamin gona ya kawo min kuwa cike take da "nitrogen cycle" da "nitrogen fixation". Bayanin dai na gane shi: kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma masara ba ta iya cinsa kai tsaye, sai ya bi ta ƙasa. Shuka ta sha, dabba ta ci shuka, kashi da ruɓaɓɓen ganye su mayar da shi ƙasa, wani kuma ya koma sama. Na rubuta "kewayen naitirojin". Ya kuka gani?

Baban Ummi: Ka taimaki kanka ka cire "kewaye". Ka faɗi haka a rediyo, rabin masu sauraro banɗaki za su tuna. "Zagaye" ya fi.

Tsohon Malami: Ba a zagaye matsalar take ba. Naitirojin ɗin nan Hausa ce? Kullum sai mu ɗauko kalmar Bature mu lanƙwasa mata wuya mu ce mun fassara. Ni a aji "ruhin taki" nake cewa, yara kuma suna ganewa. Zagayen ruhin taki.

Malamar Gona: Baba, da girmanka, taki ba naitirojin kaɗai ba ne. Kamfa mai 15-15-15 sinadari uku ne a ciki. Yuriya ce ke da naitirojin kashi 46. In ka ce ruhin taki, sauran biyun gangar jiki ke nan? Ɗan'uwa mai shiri, "fixation" ɗin ka ce "kama naitirojin daga iska". Ka sa manomi ya tuge wake ko gyaɗa ya duba 'yan ƙullutun da ke jikin saiwa. In ya fasa ɗaya ya ga cikinsa ja-ja, to ƙwayoyin halittar da ke ciki masu kama naitirojin na aiki. Don Allah kada ka kira su "ƙwayoyin cuta", don wani zai je ya nemo musu magani. Ka kuma tuna musu su binne yuriya, in aka watsa ta a sarari cikin zafi wani kaso nata iska yake bi.

Tsohon Malami: 'Yata, ban ce ki koya min noma ba. Harshe nake magana.

Baban Ummi: To Malam, shi "ruhi" Bahaushe ne? Ai daga Larabci ya zo.

Tsohon Malami: Ruhi ya daɗe da zama ɗan gida. Naitirojin baƙo ne, ko takalmi bai cire ba.

Ɗan Maraɗi: Ku yi haƙuri in sa baki. Mu nan "azote" aka koya mana a lakwal, sunan naitirojin ke nan da Faransanci, kuma rediyonku har nan yake kaiwa. Kuna yanke kalma a Kano kamar ku kaɗai ke da Hausar.

Baban Ummi: Ikon Allah. Wa ya ambaci Kano yanzu?

Ɗan Maraɗi: Ba sai an ambata ba. Ni dai shawarata ku fara da gawo. Duk manomi daga Katsina har Damagaram ya san hatsin gindin gawo ya fi kyau, ya san yana kaɗe ganye da damina. Shi ma dangin wake ne, yana kama abin nan daga iska. Daga nan ka kira shi duk sunan da ka so.

Mai Shirin Noma: Na gode ƙwarai. Zan buɗe da gawo, in ce "zagayen naitirojin", in bi shi da "sinadarin da in ya yi ƙaranci ganyen masara na ƙasa ke fara yin ɗorawa". Zan faɗi azote sau ɗaya saboda 'yan'uwa na ƙetare. Saura ƙwayoyin nan: bakteriya zan ce, ko ƙwayoyin saiwa?

Tsohon Malami: Ku je ku yi ta yi. A ajina dai ruhin taki yana nan. Amma "ƙwayoyin saiwa" ba laifi, wannan kam na yarda.

Malamar Gona: Ba duka ne ke zaune a saiwa ba fa, Baba. Masu ruɓar da ganye a cikin ƙasa suke.

Mai Shirin Noma: Wannan sai shirin mako mai zuwa, Hajiya, minti 15 kawai aka ba ni.