Muhawara: Tallan jarida ya isa shaidar shekarar faifai?

Mai Tara Faifai: Assalamu alaikum. Ni dai ga matsayata: idan kana da tallan kamfanin faifai na RCA na ƙarshen 1972 daga jaridun waƙa na Birtaniya, Melody Maker ko NME, kuma lambar LSP 4813 da ke jikinsa ta zo ɗaya da ta faifan Space Oddity na mawaƙi David Bowie da ke hannunka, to faifanka bugun 1972 ne. Me ya rage?

Baba Mai Garmaho: Wa alaikumus salam. Da sauran rina a kaba, ɗana. Talla yana nuna lokacin da lambar ta shigo kasuwa ne kawai, alhali kamfani yakan yi shekaru yana buga faifai a kan lamba ɗaya. Ɗaga faifan saitin fitila, ka karkata shi, ka duba filin da babu waƙa kusa da takardar tsakiya. Akwai lambobi da aka kwarzana a wurin, su ke faɗin yankan, wato uwar faifan da aka buga naka daga gare ta. Sannan ka duba launin takardar da ƙananan rubutun gefenta.

Hajiya Mai Jaridu: Gaskiyar Baba ce. Malam, kada ka manta wannan faifan kansa maimaici ne. A 1969 kamfanin Philips ya fitar da shi a Ingila da sunan David Bowie, lamba SBL 7912. Da faifan Bowie na Ziggy Stardust ya karɓu a 1972, sai RCA ya sake fitar da wancan na 1969, ya canza masa suna zuwa Space Oddity, ya sa sabon hoto mai jan gashi, ya kuma cire 'yar gajeruwar waƙar nan "Don't Sit Down". Wanda hoto kaɗai ya ja shi zai ɗauka sabon aiki ne.

Mai Tara Faifai: Na ji, Hajiya, amma ban yarda tallan ba shi da amfani ba. Ko ba komai ya tsayar da iyaka: faifai mai wannan lambar bai girmi 1972 ba.

Hajiya Mai Jaridu: Wannan kam na ba ka, da sharaɗin tallan na asali ne. Juya bayansa. Jaridun nan mako-mako suke fita a kan takarda mai araha, dole ka ga guntun labari ko wani tallan a baya, takardar kuma ta yi rawaya-rawaya daga baki. Baya fari fat da takarda mai santsi, kwafi ne. Farashi ma shaida ne: in da sule aka rubuta, kusan tabbas kafin 15 ga Fabrairu 1971 ne, ranar da Birtaniya ta koma fam mai sabbin kwabbai 100, ka ga ba tallan 1972 ba ne ke nan.

Baba Mai Garmaho: Kuma don Allah a daina yanke talla daga jarida, kwanan watan da ke shafin ne ke salwanta. Ɗana, turo mana hoton lambobin tsakiyar, gefen farko da na biyu.